Intalla da Akwatin Sitiyarin Tsohuwar Motarsa

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan Intalla, yau shekara goma sha huɗu, don haka ba wani ne ya ba ni labarinsa ba. Kafin ka ga mutumin za ka ji dariyarsa. Daga can ƙasan ciki take farowa, ta hau sama tana sirancewa, har sai ya kama gefen rawaninsa ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, amma abin da bai kai ya kawo ba yana iya zaunar da shi ƙasa yana share hawaye.

A zangon makiyaya aka haife shi, arewa da Rumbu. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka yi babban farin da ya share dabbobin mahaifinsa, suka gangaro da jaki ɗaya da tabarmi suka zauna kusa da Birnin Lalle, wani mutumin kirki ya ara musu gona. Yayyensa sun koyi noma har sun fi wasu ƴan gari. Shi kuwa in ya shiga gona geron da yake sarewa ya fi ciyawar yawa, domin kunnensa yana can hanyar Dakoro. Da ya ji ƙugin mota zai yar da hauya ya bi ta da gudu har ta ɓace masa. Daga ƙarshe uban ya gaji ya ce ya tafi wurin motocin, ko geron ya huta.

Sau uku ya je Maradi neman permi, wato lasin tuƙi. Karo na farko ya faɗi ne saboda takalmin mai jarrabawar yana kuka duk takun da ya yi, dariya ta kama Intalla har ya kasa tada mota. Na biyu ya ce shi ma bai san abin da ya kada shi ba. A na uku ya cusa bakin rawani tsakanin haƙoransa tun daga shiga har fita, ya samo takardarsa. Daga nan ya yi wa Elhaji Zakariya, wani mai fataucin shanu, tuƙi shekara goma sha takwas. Ranar da Elhaji ya sayi sabuwar mota, sai ya miƙa masa makullin tsohuwar kat-kat ɗinsa, motar shiga daji, ya ce ya je ya nemi abincinsa da ita. Intalla ya sa mata suna Tamgart, wato tsohuwa a harshen iyayensa.

Da ita yake bin kasuwannin daji. Mutane a ciki, awaki a sama, buhunan gero da jarkoki a baya. Ya sha ɗauko mara lafiya daga zango ya kawo likita, ya sha kai kayan amarya ƙauyen da babbar mota ba ta shiga. Fentinta ya koɗe, kujerunta ni na sake musu riga har sau biyu, amma a rairayi ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Aibinta guda ne: jan mai take ɗigarwa ta gaba, wajen ƙafar direba. Man sitiyari ne, wanda ke sa juya ta ya zo da sauƙi. Shekara uku Intalla yana yawo da kwalbar man a ƙarƙashin kujera, kowace safiya ya ɗaga kan mota ya ƙara mata. In man ya yi ƙasa ya juya sitiyari, sai ta yi wani gurnani irin na raƙumin da ake ɗora wa kaya. Mu a unguwa da wannan kukan muke gane ya shigo lungu. In an ce ya kai ta gyara sai ya ce, “Tsohuwa ce, dole ta yi ƙorahi.”

Ɗigar nan ta fara tona masa asiri ne bayan da aka gaya masa a likita yana da ciwon sikari, aka hana shi shayi mai zaƙi. Matarsa Rahma, gajeruwar mace mai kaifin ido wadda ke sayar da man gujiya, ta sa shi ya yi alkawari. Sati biyu yana rantsuwa bai karya ba. Wata safiya tana dawowa daga kasuwa ta ga jajayen ɗigo sababbi a gaban teburin mai shayi na bakin tasha. Ta tsaya ta duba, ta wuce gida ta jira shi.

“Baban Haula, Tamgart ma shayi take sha yanzu?”

“Wane irin shayi kuma?”

“Na ga ta tsaya wurin mai shayi. Da alama ta jima, don wurin ya jiƙe sosai.”

Ya buɗe baki zai yi musu, dariya ta riga shi fita. Daga shagona na ji ta.

Wannan bai sa ya gyara ba, sai dai ya koyi ajiye motar can nesa ya taka da ƙafa. Abin da ya sa shi dole ya faru ne bayan kaka, yana dawowa daga Rumbu da fasinja tara. Ya manta kwalbar a gida, man ya ƙare tsaf a tsakiyar rairayi. Ya zo kwana ya juya, sitiyari ya ƙi kamar an kafe shi. Ya tashi tsaye ya sa duk ƙarfinsa, kafaɗarsa ta dama ta yi ƙara, motar kuwa ta miƙe abinta ta kutsa shingen ƙaya na wani lambu, ta tsaya taku biyu daga bakin rijiya. Ba wanda ya ji ciwo sai shi. Wata tsohuwa da ke baya ta sauko ta kalli rijiyar, ta kalle shi, ta ɗauki ƙullin kayanta ta kama hanya da ƙafa. Intalla ya ce ranar bai yi dariya ba sai da ya iso gida.

Rahma ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi, ta zare makullin daga aljihun rigarsa ta ɗaure a bakin zanenta. Ta ce ba zai sake ganinsa ba sai ranar da za a kai motar wurin Rabo.

Rabo tsohon bakanike ne, garajinsa a gindin wata bedi ne, wato dogonyaro, bayan kasuwar dabbobi, gidansa kuma yana manne da wurin. Ya haura sittin, ba ya son surutu, kuma mutane da yawa sun rantse ba su taɓa ganin haƙoransa ba. Ya shiga ƙarƙashin motar ya wanke wani dunƙulen ƙarfe da gazwal, wato man dizal, har ya yi fes. Shi ne akwatin sitiyari, wanda su bakanikai ke kira buwatiye. Ya sa Intalla ya tada inji ya juya har ƙarshe ya riƙe. Ba a jima ba jan ɗigo ya taru a ƙasan akwatin, inda sandar ƙarfe ke fita ta haɗu da hannun ƙarfen da ke tura tayoyi. Wani kuma yana tsattsafowa ta sama.

“Robobin sun mutu, sama da ƙasa,” in ji Rabo. “Sai an hidda shi duka. Kuma babu irinsu nan, sai Maradi.”

Intalla ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya buga wa wani abokinsa direba waya ya kwatanta masa: zobe ne na baƙar roba, faɗinsa kamar munduwar hannun mace. Kwana biyu saƙo ya iso. Rabo ya buɗe takardar ya ɗaga abin sama, sai ga zobe wanda kwanon sha zai zauna a cikinsa.

“Hannun wace mace ka auna?”

Intalla ya zauna a kan tsohuwar taya yana shessheƙa. Da ya samu numfashi ya ce laifin abokin ne, matarsa ƙatuwa ce.

A nan ne na shigo cikin aikin. Rabo ya ce ba zai sake yarda da bakin Intalla ba, a kira mai awo. Na je da tef ɗin ɗinkina. Amma kafin a auna sai an cire robobin, kafin a cire su kuma sai hannun ƙarfen nan ya fita, shi kuwa ya shekara talatin a wurinsa bai motsa ba. Rabo ya fara yin zane da kurfi, wani ƙarfe mai kaifin baki, a kan hannun da sandar, don a mayar da su yadda suke. Ya kwance babban noti, ya kafa wani ƙarfe mai ƙugiya biyu ya yi ta ɗaurewa. Shiru. Ya zuba mai, ya buga da guduma, ya gasa da wuta. Tun hantsi muke abu ɗaya har rana ta take. Daga ƙarshe ya zura dogon bututu a kan sifana, Intalla ya rataya a jikinsa da hannun hagu, ƙafafunsa a sama. Sai muka ji ƙara kamar ta bindiga. Hannun ƙarfen ya faɗo, Intalla ya tafi da baya ya zauna cikin daron gazwal. Haka ya zauna a ciki, ƙafafu a waje, yana dariya yana cewa a bar shi, wurin da sanyi.

Aka kwance tiyo biyu na mai, aka sauko da akwatin aka ɗora a kan buhu. Rabo ya zaro robar ƙasa, ta bushe ta tsage kamar tsohuwar fata. Na auna ciki da waje da kauri, na auna ta saman ma daga inda take, na rubuta a takarda da kyau. Rabo ya ce a aika da takardar da tsohuwar robar tare. Bayan kwana uku saƙo ya dawo, wannan karon daidai.

Ranar haɗawa na rufe shago na tafi, don na riga na ji abin ya shiga raina. Rabo ya shimfiɗa sabon buhu, ya zare kan akwatin a hankali. Ya fito da wata doguwar sanda mai murɗe-murɗe, da wani ƙarfe mai kauri zaune a kanta. Daidai lokacin aka aiko kiransa, wai motar wani maƙwabci ta mutu a tsakiyar hanya ta tare wa amalanke wucewa. Ya goge hannu ya dubi Intalla.

“Yanzu zan dawo. Wanga abu, kak ka taɓa shi.”

“Ni? Mi zan yi da shi, Baba Rabo?”

Ko minti biyar ba a yi ba. Intalla ya tsuguna yana kallon abin, ya kai yatsa ya ɗan juya sandar. Ta juya sumul. Ya dube ni idonsa na ƙyalli.

“Tela, dubi yadda take tahiya. Kamar ba ƙarhe ba.”

Na ce ya ajiye. Ya ce sau ɗaya kawai. Ya ɗaga ta sama don in gani da kyau, ya juya, ya ƙara juyawa, sandar ta zare gaba ɗaya. Sai ga wasu ƴan ƙwallayen ƙarfe, kowane kamar ƙwayar wake, suna zubowa daga ciki. Wasu suka faɗa kan buhu suka yi tsalle, sauran suka nutse cikin rairayi. Muka tsaya ba mai motsi. Intalla na riƙe da rabi a dama, rabi a hagu.

Haka Rabo ya same mu. Ya dubi hannayen Intalla, ya dubi ƙasa. Sannan ya ɗauki sanda ya zana babbar da’ira kewaye da mu.

“Ashirin da huɗu ne. In guda ya ɓace, motar ga ta zama kejin kaji. Kar wanda ya taka cikin nan.”

Tara muka tsinta a kan buhu. Sauran sai da aka aika gida. Rahma ta zo da rariya biyu da ɗiyarsu Haula, matar aure ce da ta zo ganin gida, matar Rabo ma ta fito da tata rariyar. Mata uku suka zauna suna tankaɗe rairayin garaji kamar garin tuwo. Rabo ya fasa wata tsohuwar rediyo ya ciro maganaɗisun lasifikarta, ya ɗaure da igiya ya ba Intalla yana ja a ƙasa. Ya kamo ƙusoshi, ya kamo wata sifana da Rabo ya ce ta ɓace tun bara, ya kamo ƙwallo uku. Duk wanda ya samu ɗaya sai ya ɗaga sama, Haula ta rangaɗa guɗa. Masu dawowa daga kasuwar dabbobi suka fara tsayawa da tumakinsu suna tambaya ko zinariya ake nema. Intalla ya ce musu e, amma ta baƙin ƙarfe. Wani Bafillace ya ɗaure sansa a jikin bedi ya shigo taya mu, shi ya samo na ashirin da biyu.

Da la’asar muna da ashirin da uku a cikin kwano. An tankaɗe da’irar sau biyu, babu na ƙarshe. Muna cikin jimami sai matar Rabo ta ce ita fa ta ga jan zakaransu yana tsattsaga a wurin tun kafin a yi zanen. Duk muka juya muka kalli zakaran. Yana tsaye kan tsohon inji, ya karkata kai yana kallonmu.

“Shi ne,” in ji Intalla. “Dubi idonshi. Shina sane.”

Rabo ya shafa gemu, ya ce a kamo shi. Manya huɗu muka bi zakara ɗaya, ta ƙarƙashin Tamgart, ta bayan tayoyi, ta cikin zaure. Intalla ya faɗi sau biyu. Rahma ce ta kife shi da kwando. Aka yanka, aka fige, Rabo da kansa ya tsaga ƙundun, mu duka mun sunkuya a kansa. Tsakuwa ce, da ƙwayar gero, da maɓallin riga guda.

Matar Rabo ta kwashe naman ta ce tunda an yanka ai sai a ci. Intalla ya ce bari ya yi alwala lokaci na wucewa. Ya tsuguna da buta, ya tura rawani baya zai yi shafar kai, sai wani abu ya gangaro daga ninkin rawanin ya faɗa kan murfin butar, ƙwal. Ya tsaya da hannu a sama. Ya ɗauka ya duba. Ya so ya ɓoye a tafin hannu, amma kafaɗunsa sun riga sun fara rawa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Haula ta kwanta a jikin uwarta, Rahma na dukan ƙasa da rariya, ni cikina ya ƙulle har na kasa miƙewa. Rabo ya juya mana baya ya dafa bedi. Mun ɗauka fushi ne, sai muka ga bayansa na girgiza. Da ya juyo hawaye ne a fuskarsa, kuma ashe haƙoransa uku ne a gaba.

“Zakarana,” ya ce da kyar. “Bawan Allah, bai ci komi ba.”

Mun ci shi da yaji a gindin bedi, Intalla ya yi alkawarin kawo wani daga ƙauye, ya kuma kawo har da kaza.

Washegari da safe Rabo ya kafa sharaɗi kafin ya fara: Intalla zai zauna kan taya, hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa, Rahma da Haula na gadinsa. Ya wanke ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ya shafa musu giris, yana saka su ta wani ɗan rami yana juya sandar kaɗan-kaɗan har suka shige duka. Ya shafa wa sababbin robobin jan mai, ya ɗora bututu daidai faɗinsu yana bugawa a hankali har suka zauna, ya mayar da zoben ƙarfen da ke riƙe su. Ya naɗe haƙoran sandar da leda kafin ya zura ta, don kada su yanki sabuwar roba. Muka ɗaga akwatin mu biyu ya ɗaure shi, ya daidaita zanen da ya yi da kurfi, ya mayar da tiyo.

Sai aka ɗaga gaban motar har tayoyi suka bar ƙasa, aka cika tulun man sitiyari. Rabo ya ce yanzu Intalla na iya amfani da hannunsa: ya hau ya yi ta juyawa dama da hagu har ƙarshe, inji a kashe, don iskar da ke ciki ta fita. Intalla ya hau can sama yana juyawa yana rera waƙar raƙuma ta mutanensu, mai yana kumfa yana sauka, Rabo na ƙarawa. Da kumfa ta kwanta aka tada inji. Ta yi gurnani sau ɗaya, gajere, ta yi shiru. Rabo ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, ya sa aka juya har ƙarshe aka riƙe. Muka tsuguna mu huɗu muna kallon takarda kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ta zauna a bushe.

Gwajin a filin da ke bayan kasuwa aka yi, duk muka shiga, har Rabo a gaba. Hannun Intalla ya saba da kokawa, don haka kwanar farko ya fizga da ƙarfi, motar ta juya kamar an mare ta, muka zube gefe guda. Ya sassauta. Ya gwada da hannu ɗaya. Ya gwada da yatsa ɗaya.

“Rahma, kin gani? Ɗan yatsa. Ƙaramin ma.”

Ya shiga kewaya filin. Zagaye uku ta dama, uku ta hagu, sannan ya fara zana wasu lanƙwashe-lanƙwashe a rairayi yana cewa sunansa yake rubutawa. Haula na ihu a baya, Rahma na cewa ya tsaya hajijiya take ji tana kuma dariya, Rabo ya riƙe hularsa da hannu biyu. Ba don ya kafe a wani tudun rairayi ba, ban san yaushe zai tsaya ba. Muka sauko muna tangaɗi, muka tura ta da taimakon wasu masu amalanke.

An yi damina biyu tun daga nan, akwatin bai sake tsattsafa ba. Intalla yana nan kan hanyarsa ta Rumbu da Birnin Lalle, kafaɗar ta warke, ya ƙara da wata sabuwar kasuwa can arewa. Yanzu ƙofar baya ce ba ta kamawa, da igiyar jaki ake ɗaure ta, kuma kwanan baya wani bunsuru ya fice ta nan ana cikin tafiya, sai a gari na gaba aka lura. Rabo ya aiko a gaya masa ya kawo ta, aikin rabin yini ne. Intalla ya ce to, in an gama girbi.